Gargaɗi ga mutanen Zariya: yadda wani ya raba ni da N385,000 a makon wasan ƙarshe na kofin Afirka

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana tara ke nan ina rubuta wannan magana ina gogewa, don wallahi kunya ta ishe ni. Amma jiya da daddare wata baiwar Allah daga Muciya ta kira ni tana kuka, ashe ita ma mutumin nan ne ya wanke ta, sai na ce to ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Naira dubu ɗari uku da tamanin da biyar. N385,000. Ku sake karantawa. Da hannuna na tura, har sau uku, ba wanda ya ɗora min bindiga a ka.

Kafin wani ya zo min da "ai araha ba ta ado", ya tsaya ya ji. Shekara goma sha huɗu ina da shagon cajin waya da lemon sanyi a Samaru. Kayan wuta ba baƙona ba ne. Na san batirin da ya mutu aka yi masa wanka aka goge, na san inbatar da aka kwance aka sake naɗa mata waya. Ba hoto na gani a Facebook na tura kuɗi ba. Na je Sabon Gari da ƙafata, na shiga shago, na taɓa kaya, na sa mita a jikin batiran, na kunna talabijin na duba ko gilashin yana da layi. Duk abin da mai hankali zai yi na yi. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci.

Duk wanda ke garin nan ya san yadda Zariya ta koma tun da aka fara gasar cin kofin Afirka ranar 13 ga Janairun 2024. Da farko ma ba wanda ya damu, musamman da muka yi 1-1 da Ikwatoriyal Gini, kowa na cewa koci Peseiro ya tattara ya koma gida. Da muka ci masu masaukin baƙi Kwaddebuwa 1-0 sai aka fara leƙowa. Kafin a kai wasan Kamaru gari ya kama wuta. Ana saura rabin awa a take wasa sai ka ga titin Samaru ya yi fayau, masu Keke Napep sun jera su a ƙofar gidajen kallo, mai shayi ya bar yaronsa da tukunya, mai tsire yana yanka yana leƙen allo. Ga sanyin hunturu yana ratsa ƙashi, ga ƙura, ga hayaƙin janareto ko ta ina, don da an ɗauke wuta kowa sai ya tayar da nasa, alhali litar fetur ta haura naira 600 tun da aka cire tallafi. Ɗaliban jami'a su cika benci, mu magidanta mu tsaya a baya kamar masu bin bashi. In kana kallo a waya kuwa ka huta, don ihun unguwa zai riga hoton zuwa, kana ganin ƙwallo a tsakiyar fili an riga an gaya maka an ci.

A gidan kallo na haɗu da shi, ranar Asabar ɗin da muka yi da Kamaru, 27 ga wata. Shi ya matsa min na zauna. Da Lookman ya zura ta farko ya rungume ni kamar ɗan'uwansa, da ya ƙara ta biyu ya saya min shayi da burodi ya hana ni biya. Mutum ne da zai kai shekara arba'in da ɗori, farar shadda, hula zanna, magana a hankali, Hausarsa irin tamu ta Zazzau. Ba shi da rawar kai ko kaɗan. Ranar wasan Angola ma muna tare. Bai taɓa yi min maganar sayar da komai ba. Ni ne, ni da bakina, na ce masa ina da fili a bayan shago, da ina da kayan wuta da babbar talabijin da na buɗe nawa gidan kallon. Ya yi murmushi kawai ya ce, "Allah ya hore, Malam."

Abin da ya kashe ni shi ne maganar sallar nan. Ranar Alhamis, a ƙofar shagon, na ciro waya zan tura kuɗi, sai aka kira La'asar. Ya dafa hannuna ya ce, "Malam, mayar da wayarka aljihu. Mu yi salla tukuna, kuɗi ba ya gudu." Kuɗi ba ya gudu! Ya sayo ruwan leda biyu ya miƙo min ɗaya na yi alwala. Sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗata tana gogar tasa. Aka sallame ya daɗe yana addu'a har na gaji da jira. To ku gaya min, wane ɓarawo ne ake miƙa masa dubu ɗari biyu ya ce a bari sai an yi salla? A daidai wurin nan duk wani kokwanto da ke raina ya fita. Na maimaita wannan minti goman a kaina ya fi sau dubu. Ina cin abinci ina jin muryarsa, kuɗi ba ya gudu.

Na tsallake, bari in koma baya. Ranar Laraba 7 ga Fabrairu aka yi wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu. Wanda ya gani ya san abin da zukata suka sha. Troost-Ekong ya ci fenareti, Osimhen ya ƙara muka tashi muna tsalle ana ta kifar da benci, sai alƙalin wasa ya je ya duba na'ura ya soke ƙwallon, ya kuma ba su fenareti a ɗaya ragar. Wani dattijo kusa da ni ya zauna a ƙasa yana salati. Aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Nwabali ya tare biyu, Iheanacho ya rufe, 4-2. Daren nan Samaru ba a yi barci ba. Yara da babura suna ta zuga oda har Kwangila, ana buga galan da murfin tukunya, mutanen da ba sa ga maciji suna tafawa. To a cikin wannan hayaniyar, muna tsaye a bakin titi, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, maganar da ka yi rannan ta tsaya min a rai. Akwai wasu kaya a shagona da na saya gwanjo daga wani ofis da aka rufe. Inbata, batir biyu manya, da talabijin inci hamsin. In da gaske kake ka zo gobe ka gani, ka fara da wasan ƙarshe." Kaina a lokacin ba ya lissafi, murna ce kawai. Yanzu na gane da gangan ya jira wannan daren.

Ya ce dubu ɗari huɗu. Na taya, muka daidaita a kan N335,000. E, na san kayan sun fi haka, ko a tokumbo sun haura dubu ɗari shida yadda dala ta tashi a watan nan. Na sani. Amma ya ce gwanjo ne, kuma yana neman kuɗin da zai biya wa ɗansa makaranta kafin Litinin. Kuma ni ban ɗauke shi baƙo ba, mako biyu muna zama benci ɗaya.

Shagon gaskiya ne. Wannan nake so ku riƙe. Shago ne cike da kaya a Sabon Gari, da yaron shago a ciki. Muna shiga yaron ya tashi ya ce, "Sannu da zuwa Alhaji." Ya zauna a kujerar mai shago, ya ce wa yaron ya jawo batiran nan, ya kunna talabijin, ya je ya sayo min lemo. Yaron ya yi duk abin da aka sa shi. Wa zai ce ba shagonsa ba ne? Ba zan faɗi sunan shagon ko layin ba, don mai shi bawan Allah ne, shi ma amfani aka yi da shi.

Bayan salla ya ce manhajar bankinsa tana ba shi matsala tun safe, in tura wa ƙaninsa mai POS da ke tsallaken titi. Muka tsallaka tare. Mai POS ya karanto lamba, na tura N200,000, alat ya shiga, ya gyaɗa kai. Mutumin ya rubuta min rasit a wata takarda mai hatimi, saura N135,000. Ina da rasit ɗin, zan ɗora hotonsa. Sunan da ke jikin hatimin babu shago mai irinsa a duk Sabon Gari, na zaga na tambaya.

Kuɗin nan ba tsinta na yi ba. N170,000 adashena ne da na kwasa a Janairu, wata goma ina zubi. N100,000 tumakin mai ɗakina ne guda biyu da take kiwo don Babbar Salla, na lallashe ta ta sayar, na ce kafin azumi zan mayar mata har da riba. N65,000 ƙanina da ke Kano ya ranta min. Ragowar N50,000 kuma 'yan majalisarmu ne, mutum goma, kowa dubu biyar, a kan za su riƙa kallo kyauta har ƙarshen kakar Firimiya. Ku haɗa ku gani. N385,000. Ban ma sa kuɗin hayar benci da na dikoda da fetur ɗin da na ƙona ina zirga-zirga ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tura cikon N135,000. Wannan karon wata lambar ya ba ni, ya ce ta uwargidansa ce. Ko Juma'ar ce ko Asabar da safe? A'a Juma'a ce, ga shi a waya, ƙarfe uku da minti goma sha biyu. Na ce to in zo da mota in kwashi kaya. Ya ce kar in wahalar da kaina, batiran suna kan caji, ya ƙara musu ruwa, sai sun kwana sun cika, in aka ɗauke su yanzu za su yi rauni. Kuma maganar tana kama da gaskiya, ni na san batir mai ruwa yana son a bar shi ya sha caji sosai. Ya san abin da zai faɗa wa mai sana'a irin tawa. Ya ce gobe zai turo su da mai haɗawa.

Asabar ya kira ni da kansa, ba ni na kira ba, ya ce an yi wa mai haɗawar rasuwa ya tafi Giwa, amma Lahadi da sassafe zai dawo. Har na ce Allah ya jiƙan rai. Na yi wa gawar da babu ita addu'a.

A nan ne mai ɗakina ta ce, "Baban yara, anya mutumin nan? Me zai hana ka je ka ɗauko kayanka ko ba mai haɗawa?" Na daka mata tsawa. Na ce mata me ta sani game da kayan wuta, mutumin da muka yi salla sahu ɗaya. Ta yi shiru ta koma ɗaki. Wannan tsawar ta fi kuɗin yi min ciwo.

Lahadi 11 ga Fabrairu. Tun safe gari ya koma kore da fari, yara sun shafa fenti a fuska, masu sayar da riguna a PZ sun ninka kuɗi. Ni kuwa na share fili, na kafa rumfa, na jera benci ashirin na haya, an ɗaura dish, na rubuta a allo cewa yau akwai kallo. Na gaya wa duk unguwa. Mai tsire ya matso da tukubarsa kusa da ƙofata, mai shayi ya ƙaro madara saboda ni. Ƙarfe goma sha ɗaya ya kira ya ce an samu mota, amma mai haɗawa yana buƙatar wayoyi masu kauri da abin canja layi da kuɗin aikinsa, gaba ɗaya N50,000, in tura a sayo kafin 'yan kasuwa su rufe su tafi kallo. Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Amma na riga na ba da N335,000, zan tsaya a kan dubu hamsin? Na tura. Kuɗin 'yan majalisa ne.

Ƙarfe biyu: suna lodi. Ƙarfe huɗu: direba ya tafi shan mai, akwai layi. Ƙarfe shida saura: sun taso, suna PZ. Bayan Magariba: cunkoso ne a Kwangila, yara sun tare hanya da babura. Har da saƙon murya, ana jin oda a bayansa. Duk suna nan a WhatsApp, zan ɗora su ɗaya bayan ɗaya ku ji muryarsa. Na hau babur na je Kwangila, na bi ƙarƙashin gadar ina leƙa kowace a-kori-kura kamar mahaukaci. Daga Sabon Gari zuwa Samaru tafiyar minti nawa ce? Ƙarfe takwas da kwata na kira, waya a kashe.

Na dawo na tarar da mutum ya fi sittin zaune a kan benci suna kallon bangon da babu komai a jikinsa. Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni da ya fi min sauƙi. Wani babban yayanmu a majalisa ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce, "Ba komai ƙanina, Allah ya mayar da alheri," suka watse kowa yana sauri ya samu wuri kafin ƙarfe tara. Mai tsire ya ja tukubarsa bai ce min uffan ba.

Wasan a tsaye na gan shi, ta tagar wani gidan kallo, ina hangen rabin allo. Da Troost-Ekong ya sa kai ya ci kafin hutun rabin lokaci gari ya ɗauka gaba ɗaya, ni kuwa ina latsa lambar mutum. Kessie ya farke, Haller ya ƙara ana saura kamar minti tara, 2-1, kofi ya zauna a Abijan. Ban taɓa jin Samaru ta yi tsit irin na daren nan ba, sai ƙarar janareto ana kashe su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tafi gida da baƙin ciki ɗaya, ni na tafi da biyu. Washegari mutane suna ta zagin Iwobi a intanet, ni ko ƙarfin zagin wani ba ni da shi.

Litinin tun kafin a buɗe shaguna ina Sabon Gari. Wani dattijo ya zo ya sa makulli ya buɗe. Na ce ina Alhaji mai shagon? Ya dube ni ya ce, "Ɗana, shekara ashirin ni ke da shagon nan." Ga inbatar, ga batiran, ga talabijin, suna nan inda na bar su, da farashinsu na gaskiya. Aka kira yaron yana rawar jiki. Ashe mutumin ya yi sati yana zuwa a matsayin dillali, ya lura Baba yana tafiya Kano sarin kaya duk Alhamis, ya ce wa yaron zai kawo mai saye kuma zai ba shi la'ada, ya ɗan girmama shi a gaban baƙo. Shi ke nan. "Alhajin" da na ji, na girmamawa ne kawai irin wanda ake ce wa duk mai farar shadda. Mai POS kuma ya rantse bai haɗa komai da shi ba. Mutumin ya zo ne tun da rana ya ce wani zai turo masa kuɗi, a cire caji a ba shi tsaba. Ina juya baya ya karɓe dubu ɗari biyun a leda. Ban tambayi yaron "wannan ne mai shagon?" ba. Tambaya ɗaya. Ban tambayi mai POS "yayanka ne?" ba. Ina tsaye a gabansa! Amma wa ke yin irin wannan tambayar bayan an ce masa mu yi salla tukuna, kuɗi ba ya gudu?

Na kai ƙara caji ofis, na rubuta bayani, na je banki na cike takarda. Sauran lambobin biyu ma na masu POS ne, ɗaya a Tudun Wada ɗaya a Ɗanmagaji. Ana kan bincike, ina jira. Matar Muciya firiza ya nuna mata a wani shagon daban, N140,000, ita a layin asibiti ya same ta. Akwai kuma wani ɗalibi da aka ce ya biya kuɗin kwamfuta, ina neman lambarsa.

Ƙanina na Kano da ya ji, maimakon jaje sai dariya, wai ina wayon Zage-zagi da ake faɗa. Na ce masa ai wanda ya yi min ma Bazazzage ne, ya biyo ni bashinsa a hankali.

Shawara kuwa gajeriya ce. Kar ka biya sai kaya suna cikin motarka. Ka tambayi maƙwabtan shago waye mai shi. In an ce tura wa mai POS, ko ƙanina, ko matata, ka kama gabanka.

Wanda ya gane shi daga abin da na kwatanta, ko shi ma ya faɗa hannunsa, ya yi min magana ta akwatin saƙo mu haɗu mu je tare. Hotunan tiransifa uku, da rasit, da saƙonnin murya, zan ɗora su da daddare in an kawo wuta, zan rufe lambobin masu POS ɗin don ba su da laifi. Hotonsa ne ba ni da shi. Mako biyu muna zama tare, ranar Afirka ta Kudu kowa yana ɗaukar hoto, sai yanzu na tuna duk lokacin da aka ɗaga waya shi yana sunkuyawa yana gyara takalmi.

N385,000. Benci ashirin ɗin ma sai da na biya hayar kwana biyu, don na kasa mayar da su ranar Litinin. Mai ɗakina har yau ba ta ce min "ai na faɗa maka" ba. Kullum da safe sai ta share turken tumakin, ta ɗauke kwanon dusar ta jingine a bango.